Cefanen birni da ƙwaryar nono

A wannan fitowa mun ɗan jingine maganar burtali da ta rijiyoyi, za mu koma gare su in Allah ya kai mu. Yau kasuwa za mu shiga da ku, kasuwar birni, wajen masu cefane, domin akwai abin da ke faruwa can wanda ya shafi garken kowannenmu, ko da kuwa mutum bai taɓa taka birni ba.

Abin da ya jawo maganar shi ne, kwanakin baya kwamitin ƙungiyarmu ya yi zama na kwana biyu, wakilai sun zo daga Dakoro da Bermo da Mayahi da Tasawa, mutum wajen talatin. To baƙo ba ya zama da yunwa, sai aka ɗora mana cefane, mu uku tare da shugabar mata ta reshenmu, wadda kowa ke kira Inna. Ba za mu faɗi sunan kasuwar ba, don abin da muka gani ba nata ba ne ita kaɗai. Duk macen da ta taɓa ɗaukar ƙwarya ta shiga birni za ta ce ai kasuwarsu muke faɗi.

Wanda ya saba da kasuwar daji, wadda ke ci sau ɗaya a mako, in ya shiga ta birni da hantsi sai idonsa ya cika. Ga tumatir kwando kwando, ga kabeji da salati da karas an yayyafa musu ruwa suna sheƙi, ga zogale ɗanye an ɗaure shi dami dami, ga kifi, ga rake. Mun bi layin kayan miya tun daga farkonsa har ƙarshe muna tayi, kuma abin da muka lura da shi shi ne, kowane kaya yana da sunan garinsu, mai sayarwa kuma da sunan yake kiran mai saye. Mai albasa ya ce ta Galmi ce, ya fasa ɗaya ya nuna mana launinta. Mai tattasai ya ce na Difa ne, daga bakin Komadugu. Mai dankalin Turawa ya ce daga duwatsun Abzin aka sauko da shi. Mai zogale ta ce na garakan Jiratawa ne, mai kifi ya rantse na tabkin Madarunfa ne, jiya da dare aka kama. Wataƙila wani cikinsu ya yi mana ƙarya, Allah ne masani, amma ko ƙaryar tana nuna abu ɗaya: a kasuwa suna kuɗi ne. Manomi ya samu kayansa sun yi suna, mai saye yana ƙara dala biyar ko goma saboda sunan, kuma ba ya jin an cuce shi.

Daga nan muka shiga wajen mahauta. Su kam suna da rumfa da tebur da sarkinsu. Mahaucin ya ce, "Alhaji taɓa ka ji, yankan ɗazu ne." Muka taɓa, gaskiya ne. Muka tambaye shi san daga ina ya fito, ya ce daga kara ya saya hannun dillali, iyakar saninsa ke nan. Tsakanin wanda ya yi shekara biyar yana bin wannan sa cikin daji da wanda zai ci namansa akwai dillali da ɗan kasuwa da mai mota da mahauci, kowa da rabonsa, kuma mun san wanda rabonsa ya fi ƙanƙanta in aka auna da wahala. Wannan magana ce ta wata rana.

Saura nono, don ba a tara makiyaya talatin a ba su abinci babu fura. Nan ne muka sha yawo. Mun tambayi mutum uku kafin wani yaro mai tura baro ya nuna mana can bayan kasuwa, bakin magudanar ruwa, inda ƴan kabu-kabu ke ajiye babura. Ba rumfa, ba inuwa, ko itace ɗaya babu. Mata shida muka tarar zaune ƙasa, kowace da ƙwaryarta a rufe da faifai, ƙura na tashi duk sa'ad da babur ya wuce. Kusa da su kuma, jikin bango inda ɗan inuwa yake, ga wasu mata da manyan bokitan roba cike da nono fari fat, mai kauri, mutane kuma can suka fi layi.

Inna ta karɓi ludayi wajen ɗaya daga masu bokiti ta ɗanɗana, ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗiyata, wannan nonon wace saniya ce?" Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Inna, saniyar buhu ce." Ba ta ɓoye mana komi ba. Ta ce garin madara take saye a kanti da awo, da dare ta dama shi da ruwan ɗumi, ta zuba ɗan tsohon nono a matsayin iri, ta rufe, kafin safiya ya kwanta. Ba ta da saniya, ba ta sayen dusa, ba ta bin kowa daji. Muna so a fahimce mu da kyau, ba mu ga laifinta ba. Baiwar Allah ce ta cikin gari mai neman abin da za ta ciyar da ɗiyanta, ta ga sana'a ta kama.

Muka juya wajen masu ƙwarya. Wadda muka zauna gabanta ta ce tun bayan sallar asuba ta baro rugga, ta yi tafiyar ƙasa har bakin hanya, ta biya mota, ta biya tikitin kasuwa daidai da mai bokiti. Muna nan zaune wata matar ma'aikaci ta zo da kwanonta, ta tambayi kuɗin ludayi, da ta ji sai ta ce, "Haba ƴar Fulani, naki ga shi ruwa-ruwa kuma ya fi tsada, ga can mai kauri da araha." Ta wuce abinta. Mai ƙwaryar ba ta ce uffan ba, ta mayar da faifai ta rufe. Ta ce mana haka take ji kullum, in azahar ta yi rana ta dafa shi ya yi tsami, sai ta karyar da kuɗin ta samu na mota.

To ƴan'uwa, ya kamata kowa ya san mene ne cikin wannan buhu, don da yawa cikinmu suna zaton madarar shanu ce zalla aka busar. Akwai irin wannan, amma tana da tsada, kuma wadda ta fi yawa wajen masu awo wata ce daban. A can Turai ana tatsar madara a cire man, saboda man shanu yana da daraja a kasuwarsu, su sayar da shi daban. Abin da ya rage bayan an kwashe mai, sai a zuba masa man kwakwar manja da aka tace, wanda ya fi man shanu araha nesa ba kusa ba, a busar da shi ya zama gari, a ɗura a buhu mai kilo 25, a ɗoro jirgin ruwa. Kilo ɗaya na garin nan yana ba da wajen lita 8 in an dama, ke nan buhu ɗaya wajen lita 200 ne. Ku kuma kun san abin da saniyarmu ke bayarwa da rani bayan ɗan maraƙi ya sha nasa, lita ɗaya, in ta yi ƙoƙari biyu. Ashe buhu ɗaya da yaro zai ɗauko a baro ya tsaya a madadin tatsar shanu ɗari ko fiye ta yini guda. Da wannan ne ƴar'uwarmu mai ƙwarya ke gasa, ita kaɗai, a bakin magudana.

Wanda ke shakka ya gwada abin da kowace mace a rugga ta sani. A zuba nonon buhu a gora a kaɗa shi daga safe har rana ta take, a ga ko curin man shanu zai fito.

A jikin babban buhun akan rubuta abin da ke ciki, da Faransanci ko da Ingilishi. Amma da an buɗe shi an fara ƙulla shi a ƴan ledoji, rubutu ya ɓace, sunansa ya koma madara. Da an dama shi ya kwana, sunansa ya koma nono. An taɓa karanta mana a wani taro ƙa'idar abinci ta duniya da ake kira Codex, wadda hukumomin FAO da OMS suka kafa a 1963, kuma a cikinta kalmar madara ta abin da ya fito daga hantsar dabba ce, abin da aka canja masa mai da na itace dole a kira shi gauraye. Mu ba mu yi karatu mai nisa ba, amma wannan ba ya bukatar karatu. In mai albasa ya sayar maka da wata ya ce ta Galmi ce, ka san abin da ya yi maka.

Yadda garin madara ya shigo mana ba ɓoyayye ba ne. Dattawanmu sun fara saninsa sosai a lokacin farin 1973 da 1974, sa'ad da shanu suka faɗi aka zo da shi cikin kayan agaji, aka sake a 1984. Ya ceci rayuka, ba mai musun wannan, kuma ba mu manta alheri. Amma yunwa ta wuce, shi bai wuce ba, bakin mutanen birni ya saba. Mu da muke yara a watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, mun tuna yadda kayan waje suka ninka kuɗi dare ɗaya, gwangwanin madara ya fi ƙarfin talaka, iyayenmu mata suka riƙa dawowa daga gari da wuri da ƙwarya wayam. Wannan ya nuna mana mutanen gari ba ƙin nononmu suke ba, aljihu suke bi.

Daga baya abin ya sake juyawa. Tun 1984 ƙasashen Turai sun ƙayyade wa masu kiwonsu yawan madarar da za su fitar, sai a ƙarshen watan Maris na 2015 suka cire wannan ƙa'ida, kowa ya tatsa iyakar ƙarfinsa, madara ta yi musu yawa, aka nemi inda za a kai ta. Mu kuma ƙofarmu a buɗe take, domin a tsarin kuɗin duwan na bai ɗaya da ƙasashen CEDEAO suka fara aiki da shi a 2015, kashi 5 cikin 100 kawai aka ɗora wa garin madara na babban buhu. A gabashin Afirka, wajen su Kenya, kashi 60 suka ɗora wa madarar waje, shi ya sa can mai shanu biyu yana da wanda ke zuwa ƙofarsa da safe ya karɓi madara ya biya. Ƙungiyoyin makiyaya na yankinmu ba su yi shiru ba. A 2018 aka fara gangamin da ake kira da Faransanci Mon lait est local, wato nonona na gida ne, a 2019 kuma wakilan makiyayan Afirka ta Yamma suka je har Burusel, ƙananan masu kiwon Turai suka tsaya tare da su, don su ma faɗuwar farashin ba ta bar su ba. An yi magana, an ji, amma mai ƙwarya tana nan inda take zaune.

Wani zai ce, to mene ne na damuwa, ludayin nono ne fa. Mai faɗin haka bai san yadda gidan makiyayi yake tsaye ba. A al'adarmu namiji ke da kiwo, nono kuwa na mace ne, ita ke sarrafa shi, ita ke sayarwa, kuɗinsa nata ne. Da shi take sayen tiyar hatsi, da gishiri da kanwa da sabulu, da shi take biyan magani in yaro ya yi zazzaɓi, da shi take tara wa ɗiyarta ƙore da zanen aure. Muddin ƙwarya tana sayuwa, maigida ba ya taɓa garke sai da babban dalili. Ranar da ta daina sayuwa, hatsi dai sai an ci, sai a kama akuya a kai kara. Wata mai zuwa a kama tunkiya. Kafin damana ta sauka an taɓa karsana, wadda ita ce shanun gobe. Garke ba ya ƙarewa rana ɗaya, da haka yake zubewa kaɗan kaɗan, har ka ga mutumin da ubansa ya bar wa shanu arba'in yana gadin ƙofar wani a birni, matarsa tana wankau. Kowannenmu ya san irin wannan gida, ba sai mun kira suna ba.

Kuma ruggagen da ke kewayen birane, waɗanda su ne ke iya kawo nono da safe ya iso da kyau, kullum ana tura su baya. Inda shanu ke kwana bara, bana an yanka filaye an kafa duwatsu. Dokar kiwo ta watan Mayu na 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, kamar yadda dokar karkara ta 1993 ta fara share hanya, amma in rugga ta yi nisa da gari tafiyar yini, nono ba ya jira. Sai mai ƙwarya ta daina zuwa, mutanen gari su ce ai Fulani ba su da nono yanzu, mai buhu ya ƙara samun wuri.

Yanzu bari mu juya ga kanmu, don gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Matar nan da ta ce nonon ruwa-ruwa ne, ba kullum take ƙarya ba. Akwai masu ƙara ruwa, kuma wani lokaci ruwan tabki ne. Akwai masu zuba garin ƴaƴan kuka ko na rogo don ya yi kauri. Har akwai cikinmu waɗanda su ma suka koyi sayen garin buhu a hanya su haɗa da ɗan na shanu, su zuba a ƙwarya su zauna da kitson Fulani, mai saye ya ɗauka daga rugga ya fito. Wannan ya fi na mai bokiti muni, don ita ta faɗi gaskiya da aka tambaye ta. Duk wadda ta yi haka sau ɗaya aka gane, ta ɓata sunan mata goma da ke zaune kusa da ita.

Sai maganar tsabta, wadda ba ma son ji amma dole a faɗa. Hannu da hantsa a wanke kafin tatsa, ƙwarya a wanke a shanya ta a rana, madara a tace da ƙyalle mai tsabta. Saniyar da aka yi wa allurar magani a bar nononta kwanakin da likitan dabbobi ya faɗa, kada a kai kasuwa, don maganin yana fita cikin nonon, yaron wani ne zai sha. Bakkale da tarin fuka kuma suna bi ta ɗanyar madara su kama mutum, maganin wannan tafasawa ne kafin a sa iri. Mun san tsofaffi za su ce kakanninmu ba su tafasa ba kuma sun yi tsawon rai. Haka ne, amma kakanninmu ba su sayar wa malamin asibiti da ke tambaya ba.

Kuma ba za mu yi wa kanmu ƙarya mu ce za mu iya shayar da birni shekara duka ba. Da damana nono yana yawa can arewa, wajen Gadabeji da kwarin Tarka, har a rasa yadda za a yi da shi, a bar wa maruƙa, wanda ya iya ya yi cuku ya shanya. Da rani, daga watan uku zuwa na shida, ko gidan makiyayi wani lokaci ba ya samun na furarsa. Saboda haka ba mu ce a hana garin madara shigowa ba. Wanda ya ce a hana shi gobe, ya faɗa mana abin da mai shayi da mai koko da uwar marayu za su yi jibi. Abin da muke cewa a kira shi da sunansa, a kuma ba namu wurin zama.

Wurin zama shi ne farkon kiranmu, kuma ga magadan gari muke yin sa. In mai tumatir ya samu tebur, mahauci ya samu rumfa, ba mu ga dalilin da zai sa kayan da ya fi kowane saurin lalacewa a kasuwa shi ne za a bari a rana ba. Ba gini muke roƙo ba. Rumfa ce mai inuwa, cikin kasuwa kusa da layin kayan miya inda masu cefane ke bi, da famfo kusa don wanke ludayi da kwano. Matan nan suna biyan tikiti kowace rana, to a ba su takardar shaida in sun biya, kuma su ga abin da kuɗinsu ya yi. A cikin rumfar a raba layi biyu, a kafa allo da zanen saniya a ɗaya, zanen buhu a ɗaya, don wanda bai iya karatu ba ya gane. Mai son araha ya je na buhu da saninsa, mai son na shanu ya biya da saninsa. Mu kuma ƙungiya mun ɗauki alkawarin tsaron layinmu da kanmu, mata su zaɓi shugabarsu, wadda aka kama da gauraye a fitar da ita daga layin. Ba sai an kira ɗan sanda ba.

Ga gwamnati kuma, mun ga cewa in tukunyar birni ta shiga matsala ana iya yanke hukunci cikin kwana ɗaya. A watan Mayu na 2025 an hana fitar da bisashe ƙasashen waje kafin sallar layya don rago ya yi sauƙi ga mutanen gari, kuma makiyayi ne ya ɗauki nauyin wannan sauƙi, don shi ya rasa masu sayensa na nesa. To hannun da ya iya rufe ƙofar fita saboda mai saye, yana iya duba ƙofar shigowa saboda mai kiwo. Tun da ƙasarmu ta fita CEDEAO a Janairun 2025 ake ta maganar mu ci abin da muka noma, muna tunatarwa cewa nono ma a ƙasar nan ake samunsa. Makarantun da ke dafa wa yara abinci, da asibitoci, da barikoki, in suna sayen madara su fara da ta kusa da su a watannin da take akwai. Dusa da abincin bisashe mai rangwame kuma su iso da wuri, tun shanu na tsaye, ga matan da ke riƙe da shanun tatsa kusa da gari, don saniyar da ta samu dusa da rani ba ta ƙafewa.

Akwai abin koyi a cikin ƙasa, ba sai an je Kenya ba. A kewayen Yamai, a Hamdallaye da Kollo, an kafa wuraren tara madara, masu babura suna zagaya ruggage da safe su kawo, a auna, a gwada ko an sa ruwa, a sanyaya, a kai wa masana'antun birni. Yanzu da firji mai aiki da hasken rana ya samu, ba abin da zai hana a yi irinsa a hanyar Dakoro ko ta Mayahi. Sai dai muna jan kunnen maza tun yanzu. An lura a wurare da yawa cewa da zarar madara ta fara kawo kuɗi mai kauri a dunƙule, sai maigida ya ce ai shanunsa ne, ya karɓe kuɗin, mace ta tashi ba ƙwarya ba dala. In haka za a yi, gara a bar ta da ƙwaryarta a bakin magudana. Duk wurin tarawa da ƙungiyarmu za ta sa hannu a ciki, sunan mace za a rubuta a littafi, hannunta za a ba kuɗi. Inna ta ce mu rubuta wannan da manyan baƙaƙe, mun ce mata mai buga jarida ba zai yarda ba, amma ga shi mun faɗa.

Sai ku masu cefane, musamman ma'aikata da ƴan kasuwa da ke karɓar wannan jarida, waɗanda da yawanku nonon rugga ne ya raine ku, da kuɗinsa aka saya muku allo da alli. Kuna tsayawa gaban mai albasa ku tambayi garinsu, kuna shinshina kifi, kuna latsa nama. To ku yi wa nono tambaya ɗaya kamar yadda Inna ta yi. Ku ce wa uwargida ko yaron da kuke aike ya tambaya. In an ce na shanu ne kuma kuna da hali, ku ƙara ƴan dalolin nan, kada ku taya shi kamar kuna taya tsumma. In ba hali, ku sayi na buhu, ba wanda zai zarge ku, amma kada a ba jariri shi a madadin nonon uwa.

Mu dai ran nan mun saye ƙwarya biyu gaba ɗaya ba tare da tayi ba, muka haɗa da abin da ya rage wa sauran matan huɗu, duk da haka bai kai na mutum talatin ba. Muka tsaya muna duban juna, rana ta yi, baƙi na jira. A ƙarshe, mu shugabannin makiyaya, muka koma jikin bango muka cika roba ɗaya da na saniyar buhu. Da aka dama fura aka kai zaure, wani dattijo daga Bermo ya kai ludayi baki sau ɗaya ya ajiye, ya dube mu ya ce, "Yara, wa ya yi muku wannan?" Sai muka ba da labari tun daga farko, maganar ta cinye zaman la'asar duka, har aka ɗage batun rijiyoyi zuwa washegari.

Abin da zaman ya tsayar shi ne, kowane reshe ya aika mutum biyu, mace da namiji, su shiga kasuwar garinsu ranar da take ci, su ƙidaya mata nawa ke kawo nonon shanu, daga ina suke zuwa, ina suke zama, nawa suke biya na tikiti, su rubuta ko su sa a rubuta musu, su aiko ofishin ƙungiya kafin ruwan farko. Da waɗannan takardu za mu je wajen magadan gari, kuma matan da kansu za su shiga gaba, mu muna baya.